Shekarar da Inna Ta Ciyar da Agwagin Fadama

Ran nan jikana ya goyo ni a babur daga Kudan za mu gaisuwar mutuwa wajen Likoro, sai na ce ya ratse da ni ta tsohuwar fadamarmu in gan ta. Ya yi ta kwana-kwana cikin gonaki, can ya taka birki ya ce, "Kaka, ga ta nan." Na ce ina? Ya ce ai a kanta muke tsaye. Na duba gabas, na duba yamma, ba abin da na gani sai tumatir da albasa iyakar ganin ido, da baƙaƙen ledoji sun maƙale a ƙaya, ga injinan ban ruwa suna ta ɓaɓatu. Na ce ya kashe babur ɗin ko zan ji wani abu. Ya kashe. Wallahi ko kukan tsuntsu ɗaya ban ji ba. Shi kuwa ɗan nema da ya ga na yi jugum, sai ya zaro waya ya nuna mini wasu mutane a wata ƙasa, sun yi cirko-cirko a bakin tafki da madubin hangen nesa, wai kallon agwagi suka je. Ya ce, "Kaka, kin ga marasa aikin yi." Na ce rufe mini baki, ja'iri. Mu ma mun yi kallon agwagi a nan inda ka taka ƙafarka, kallon da har yau ban manta da shi ba.

A zamanin da nake faɗa, lokacin ina 'yar budurwa, ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba. Mu dai a ƙauye labarinta kawai muka ji, tuwonmu bai canza ba, miyarmu ma haka. Abin da muka sani shi ne fadama. In damina ta ɗauke, ruwa yakan kwanta a tsakiyarta ya zama tafki, bado da kainuwa su rufe gefensa, gonakin rake su kewaye shi. Da asuba ba zakara ne ke fara tashinmu ba, fadama ce. Kirinjijiya, agwagin ruwa na gida, su yi ta fito, gauraka miji da mata su amsa da wannan muryar tasu mai kauri, dinya ta buga fiffike ka ji kamar ana kakkaɓe tabarma. Zalɓe shi kaɗai ne ba ya magana, yana tsaye a kan ƙafa ɗaya yana harkar gabansa. Waɗannan duk 'yan gida ne, da su muke rani da damina. Amma da an gama yankan dawa sai baƙi su iso, wasu ƙananan agwagi masu ruwan ƙasa, namijin da farin layi a saman ido kamar an ja masa da alli. Kukansa wani busasshen ƙara ne, irin na yaro in yana karta tsinke a bayan ƙwarya. Ba wanda ya san daga inda suke zuwa. Wasu su ce daga bayan hamada, wasu su ce daga hanyar Makka, shi ya sa tsofaffi ba sa son a dame su. Mu 'yan mata in mun je ɗiban ruwa sai mu ajiye tuluna a gindin wata babbar ɗorawa da ke kan tudu, mu shagala da kallonsu har a aiko nemanmu.

To, su waɗannan baƙin su ne agogon garinmu. Suna sauka, mazajenmu suna ɗaure ƙunshi su tafi cin rani, wasu haƙar kuza, wasu dako a Kano, wasu har Kurmi. In mutum zai tafi ba ya cewa zan dawo wata kaza. Cewa yake yi, "Sai tashin agwagi." Dalili kuwa, in zafin bazara ya kankama ruwan tafki ya fara ja da baya, a daidai lokacin agwagin nan suke komawa ƙasarsu, kuma a daidai lokacin ƙasar da ruwa ya saki take da laimar da ake so don dashen rake. Ka yi jinkiri kaɗan ta bushe ta tsage, shekara ta wuce ka. Saboda haka akwai doka tun ta kakanni. Ranar da Sarkin Fadama, dattijon da ke kula da rabon filayen bakin ruwa, ya tsaya a gindin ɗorawa ya ce agwagi sun tashi, duk wanda bai dawo ya sa fartanya a filinsa ba, sai a ba wani ya noma. Aro ake cewa. Amma kowa ya san rake in ya kafu shekaru yake yi ana sara yana tohowa, kuma ban taɓa ganin filin da aka ara a haka ya koma hannun mai shi ba. Yau yaro zai kira ka a waya ya ce gobe yana hanya, goben ta yi wata uku ba ta zo ba, ba kuma abin da zai rasa. A da tsuntsu ne shaida, tsuntsu kuwa ba ya karɓar uzuri.

Babanmu ya rasu da kakar shekarar da nake ba ku labari, ya bar mu mu uku: Inna, da ni, da yayana. Ya bar mana gonar tudu wadda ba ta cika kirki ba, da fili ɗaya a bakin tafki wanda duk garin aka san babu kamarsa. Yaya saurayi ne a lokacin, ko aure bai yi ba. Ana gama zaman makoki ya bi abokansa cin rani Kaduna, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya ce, "Inna, sai tashin agwagi." Ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi ba, tana ta tsince wake, ta ce, "Allah ya tsare." Kada ku ce ba ta son sa. Shi ne ɗanta na fari, kuma matan wancan zamani suna da kunyar ɗan fari irin wadda yaran yanzu za su ɗauka ƙiyayya ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". Ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta yabonsa, in yana ciwo ni take turawa in duba shi, sannan ta tsare ni a madafa da tambaya. Yanzu kuwa ina ganin jikokina mata suna rungume 'ya'yansu na fari a gaban surukai suna kiran su da sunaye iri-iri. Da farko abin yakan ba ni haushi, amma da na tsufa na daina cewa komai.

Rani ya wuce, bazara ta shigo da zafinta. Ganyen ɗorawa ya toho, kalwa ta fara nuna, 'yan cin rani suka fara dawowa ɗai-ɗai da bibbiyu, wannan da sabuwar fitila, wancan da turmin atamfa. Kullum la'asar yara suna bakin hanya suna ihun oyoyo. Abokan Yaya duk suka dawo, ban da shi. In an tambaye su sai su ce lafiyarsa lau, sun rabu da shi yana cewa yana nan tafe. A fadama kuma agwagi sun fara nuna alama. Sun yi ƙiba, sun daina zama wuri ɗaya, da yamma sai su tashi gaba ɗaya su kewaya tafki su kewaya, su nufi arewa kamar sun tafi, sannan su juyo su sauka. Tsofaffi suka fara zuwa gindin ɗorawa safe da yamma suna kallo, suna cewa saura ƙiris. Inna, wadda ba ta cika fita ba, sai ga ta kullum tana cewa in rako ta tsinkar ganye a bakin fadama. Ba ganyen da take tsinka. Tsayawa take yi ta kare ido da tafin hannu ta yi ta kallon ruwa.

Wata safiya Baffa ya yi sallama, ƙanen babanmu. Mutum ne mai yawan iyali da ƙarancin gona, kuma bisa al'ada in filin zai bar hannunmu, hannunsa zai faɗa. Suka gaisa da Inna, ya tambayi kwana, ya tambayi zafi, ya tambayi haƙurin rashi, ita ma ta tambayi mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya. Sannan, yana wasa da bakin tabarma, ya ce:

"Innar yara, ko an ji wani labari daga Kaduna?"

"Ba a ji ba."

"To, kin dai ga tsuntsayen nan. Ni ba so nake a ce ina jiran abin marayu ba, Allah ya gani. Amma in Sarkin Fadama ya yi magana, ba ni da ta cewa."

Inna ta ce, "Ai ba su tashi ba tukuna."

Ya ce haka ne, ya yi sallama ya fita. Ni kuwa ina bayan zana ina ta cika ina batsewa, a raina ina cewa ji mutum, ɗan'uwansa ko shekara bai yi a ƙasa ba.

Washegari da sassafe Inna ta tashe ni ta ce in hau rumbu in ɗebo dawa. Na ɗauka surfe za a yi. Sai na ga ta juye a ƙwarya ta rufe da faifai ta ce mu je. Muka bi ta bayan gari har bakin tafki, inda ruwa bai kai gwiwa ba, ta tattare zane ta shiga, ta riƙa watsa dawar nan cikin ruwa. Na ce, "Inna, me ke nan?" Ta ce, "Baƙo in yana ƙoshi ba ya gaggawar tafiya. Yunwa ce ke korar su, ba ki ga ruwan yana janyewa ba?" A bazara fa muke, lokacin da kowace mace take auna hatsi da ƙoƙo tana karanto addu'a, rumbunmu kuwa dama ana hango gindinsa. Haka muka yi ta yi kullum. Tuwon dare ya koma kunu, kunun ma ya tsinke, muka koma kwaɗon rama da tafasa. Ni da nake da baki, rannan na kasa haƙuri. Na dire ƙwaryar na ce, "Haba Inna! Mu kwana da yunwa tsuntsu ya kwana da ƙoshi? In filin ne, a bar wa Baffa mana, ai ba a kansa aka halicce mu ba!" Ta dube ni, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "In filin ya tafi, me zai dawo ya tarar?" Daga nan ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryar da kanta. A ranar na gane ba rake ne a ranta ba. Tana ganin muddin filin nan yana nan da sunansa, to akwai igiyar da za ta jawo shi gida, abin da bakinta ba zai iya yi ba.

Agwagi dai sun ci dawarmu, ba su ce mun gode ba. Wata asuba shiru ya tashe ni. Kirinjijiya suna fitonsu, amma wannan kartar ƙwaryar da kunnena ya saba da ita babu. Na fito na tarar da Inna tsaye a tsakar gida da buta a hannu, ita ma ta ji. Muka kama hanyar fadama. Tafki ya yi fayau, sai gashin tsuntsu yana yawo a kan ruwa. Inna ta zauna a ƙasa daɓas, abin da ban taɓa gani ba. Ni kuma don kada in ga fuskarta sai na shiga cikin ciyawa ina ta kutsawa ba tare da na san inda za ni ba. Can cikin bado na ji motsi. Na tsaya. Sai ga ta ta fito, 'yar agwagwa guda, mace, tana iyo a karkace tana jan fiffike ɗaya. Ko harbin wani ne ya same ta, ko tarkon yara, oho. Ta yunƙura za ta tashi ta faɗo. Na ƙwala kira, "Inna! Inna, ga ɗaya!"

Kafin hantsi gari ya hallara a gindin ɗorawa. Sarkin Fadama ya zo da sandarsa, ya dubi ruwa ya dubi sama, ya gyara murya zai yi magana. Sai aka ji muryar mace daga baya. Inna ce, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta durƙusa nesa da maza.

"Allah ya ba Sarki nasara, a yi mini afuwa. Ba su gama tashi ba."

Na nuna musu da hannu, kowa ya ga 'yar agwagwar tana jan fiffike. Wani ya yi dariya ya ce, "Wannan ai gurguwa ce, ko shekara za ta yi ba za ta tashi ba." Wani ya ce tun da aka kafa garin ba a taɓa lissafa irin wannan ba. Sarkin Fadama ya juya ya dubi Baffa, domin kowa ya san shi ne mai riba in an yi magana, ya ce, "Kai me ka gani?"

Ina kallon Baffa. Ga 'ya'yansa maza a bayansa, riguna duk sun mutu a kafaɗa. Ya daɗe yana duban ruwan nan. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ni dai na ga agwagwa. Kuma irin baƙin ce, ba 'yar gida ba."

Sarkin Fadama ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "To, kowa ya shiga filinsa ya yi dashe. Amma filin marigayi yana nan da sunan ɗansa har ranar da wannan ta tashi. Wanda kuma ya jefe ta, ni ya jefa." Ni da na zagi Baffa a bayan zana, ranar na rasa inda zan sa fuskata.

Allah sarki, mutanen da. Gari guda ya koma gadin agwagwa ɗaya. Yara masu danƙo aka ja musu kunne, maharbi ya canza hanya, Fulanin da ke shayar da shanu a tafkin aka roƙe su suka koma ɗaya gefen. Mata in sun je ɗiban ruwa sai su tafi da ɗan tsaki a bakin zane, su dawo su leƙo gidanmu su ce, "Mun ga baƙuwarki, tana gaishe ki." Ba mai ambaton Yaya, kowa ya san kunyar Inna, agwagwa kawai ake tambaya. Da ƙasa ta fara neman bushewa, Baffa ya kwashi 'ya'yansa suka shiga filin suka dasa rake, ya aiko a gaya wa Inna gayya ce suka yi wa mai wuri, kada ya dawo ya tarar shekara ta wuce shi. Shamuwa ta iso ta fara jan kara a kan tsamiyar masallaci, hadari ya fara haɗuwa a gabas, aka yi ruwan fari, aka yi shuka. Agwagwa tana nan, ita kaɗai cikin kirinjijiya.

Dawa ta fara rufe ƙasa sai ga Yaya. A kan keke ya shigo, sabo fil, da wando da riga irin na 'yan birni, da agogo a hannu. Yara suka bi shi da ihu har ƙofar gida. Na ruga na riƙe keken ina kuka ina dariya. Inna tana jin hayaniya ta shige ɗaki, ta bar shi yana gaishe ta daga bakin ƙofa tana amsawa ciki-ciki. Amma ranar ta yanka kazarta guda da ta rage, kuma na ji ta tana 'yar waƙa a madafa. Bayan la'asar Baffa ya zo, aka shimfiɗa tabarma, ya ba shi labarin agwagwa tun daga farko, yana yi yana dariya, ya ce, "To mai wuri, rakenka har ya yi ganye. Gobe sai ka je ka gani."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Baffa, ai ni sallama na zo yi. Na sami aiki a masaƙa, har an ba ni ɗaki. Jibi nake komawa, hutun da aka ba ni ke nan. Noman nan ba zan iya ba. In na zauna sosai zan aiko a ɗauki Inna."

Ba da mugunta ya faɗa ba, yaro ne ya ga wata duniya. Bai san rumbu ba, bai san kunun da muka sha ba, ba kuma wanda zai gaya masa. Na zuba wa labulen ɗakin Inna ido ina jira. A raina ina cewa yau dai kam ta yi magana, ta kira sunansa sau ɗaya, ta ce zauna. Na tabbata da ta faɗa da ya zauna. Labule bai motsa ba. Can muka ji muryarta, a daidai, ba rawa.

"Allah ya sa albarka a abin da aka samu." Sannan ta ce, "Baffan yara."

"Na'am."

"In ka fita ka biya ta wajen Sarkin Fadama. Ka ce masa agwagwa ta tashi."

Da safe na je ɗiban ruwa na gan ta a cikin bado, tana jan fiffikenta kamar kullum.

Yaya ya koma, ya yi aure a can, ya tsufa a can, a can aka binne shi. Ya aiko a ɗauki Inna ba sau ɗaya ba, ta ce ita ba ta iya kwanan birni. Baffa ya noma filin har ƙarshen ransa, kuma duk shekara in an dafa mazarƙwaila, ta farko gidanmu ake kawowa. Inna ba ta sake watsa dawa a ruwa ba, amma ta ci gaba da kai wa gurguwar ɗan tsaki har damina ta yi nisa, ciyawa ta rufe tafkin muka daina ganinta. Da kaka baƙi suka dawo suka cika ruwa. Na raka Inna gindin ɗorawa, ta kare ido da hannu ta daɗe tana dubawa, ta ce in duba mata ko zan gane ta a ciki. Na duba har idona ya yi ruwa. Duk iri ɗaya ne.

Wannan nake tunawa a tsaye cikin tumatir ɗin mutane, har jikana ya gaji ya ce, "Kaka, rana tana yi, me kike nema ne a sama?" Shi ma ɗan fari ne, kuma in an yi sallah zai tafi neman aiki wani gari mai nisa. Uwarsa, 'yar da na haifa, ta gado halin Inna, ko kallonsa ba ta yi a gaban mutane. Na hau babur na riƙe rigarsa, na ce in mun koma gida ya kira mini ita, ina da magana da ita kafin ya tafi.